Me Ya Sa Ɗaliban Jami'a Ke Tarar Numfashin Juna?

Da zarar an yi hutun zango ɗalibai sun dawo gida, akwai ƙorafin da ba ya kwana biyu bai taso ba. Uba zai ce tun da yaron nan ya shiga jami'a ba a gama magana a gabansa. Uwa za ta ce idan ƙawayen 'yarta suka zo, ɗaki sai ya koma kasuwar Muda Lawal, kowa na faɗin tasa, ba mai sauraron wani. Lakcarori ma suna kokawa da haka idan suka raba ɗalibai rukuni-rukuni don tattaunawa. A Facebook kuwa an riga an yanke hukunci: boko ya cire musu kunya, waya ta ƙarasa abin da ya rage.

Maganar ta shiga gidaje da yawa yanzu fiye da da. Lokacin da aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Bauchi a 1980, wadda yau ake kira Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ita kaɗai ce a faɗin tsohuwar jihar Bauchi, har da Gombe a ciki. Yau akwai jami'ar jihar Gombe da aka kafa a 2004, akwai ta tarayya a Kashere tun 2011, akwai ta jihar Bauchi a Gadau mai sunan Sa'adu Zungur, ga kuma ta kimiyyar lafiya a Azare. Da wuya ka bi layi a Jahun ko Jekadafari ba ka sami gidan da ke da ɗan jami'a ba.

To shin rashin tarbiyya ne, ko akwai abin da ke faruwa wanda ido bai kai gare shi ba? Abin da na tsaya a kai shi ne, yawancin hayaniyar da ke ba iyaye haushi ba raini ba ne. Amma a cikinta akwai wani kaso mai cutarwa ƙwarai, kuma waɗanda yake cuta su ne waɗanda ba a taɓa jin ƙorafinsu, domin tun farko ba a bari sun kai aya.

Ba kowace shiga zance ce katsalandan ba

Ka tsaya ka saurari dattawa biyu suna gaisawa bayan sallar Asuba. "Ina kwana" bai gama fita ba "lafiya lau" ta hau kansa, "ina gajiya" da "ya iyali" suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, muryoyi biyu a lokaci guda har a saki hannu. Babu wanda zai ce an katse shi. Haka idan mutum yana ba ka labari ka yi masa ƙurum, ba "to", ba "na'am", ba "ikon Allah", zai tsaya ya ce, "Kana ji na kuwa?" Wannan amshi ne, kuma da shi zance ke tsayawa da ƙafarsa. Shirun da ya yi yawa a wurinmu ya fi kama da fushi ko raini a kan ladabi.

Akwai kuma karo, wato mutum biyu su buɗe baki tare ba da niyya ba, ɗaya ya ce, "Bismillah, ci gaba." Akwai wanda kalma ta ɓace masa, yana laluben sunan wani malami, abokinsa ya miƙo masa. Akwai mai cewa, "Tsaya, wane shafi kake nufi?" don kada a bar shi a baya. Duk waɗannan shiga ce cikin maganar wani, amma bayan an shiga, zance yana komawa hannun mai shi.

Sai na ƙarshe, wanda Bahaushe ya raɗa wa suna mai nauyi: tarar numfashi. Ka dubi hoton da ke cikin wannan suna. Mutum ya ɗan tsaya ya ja numfashi domin ya ɗora, kai kuma ka tare shi a wannan 'yar kafa, ka ɗauke zancen ka yi wani wuri da shi. Ba a dawo masa da shi ba, ba a ma tuna yana magana ba. Wannan shi ne katsalandan na gaske, kuma ma'auninsa ɗaya ne: bayan hayaniya ta lafa, an ce da mutumin "kana cewa me?" ko kuwa maganarsa ta bi iska?

Al'adarmu ta san akwai lokacin da dole a shiga, shi ya sa ta tanadi kalmomin neman izini. "Ba tarar numfashinka na yi ba." "Ba katse ka na yi ba." "Kada ka manta inda ka tsaya." Mai faɗin haka yana nuna aro ya yi, kuma zai mayar. Ina ganin abin da kunnen dattawa ke rasawa a bakin ɗalibai shi ne waɗannan 'yan kalmomi, fiye da yadda shigar kanta ke damun su.

'Yar kafar da ke tsakanin baki da baki

A 1974 wasu masana uku a Amurka, Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson, suka fitar da sakamakon sauraron hirarraki na yau da kullum da aka naɗa. Tambayarsu mai sauƙi ce: a hirar da babu shugaba, babu mai raba dama, ta yaya mutane ke sanin lokacin da za su karɓa? Suka gano cewa a ƙarshen kowace jimla akwai wata gaɓa da zance zai iya sauya hannu. Idan mai magana ya ambaci wani ko ya jefa masa tambaya, shi ke nan, nasa ne. Idan bai zaɓi kowa ba, wanda ya riga buɗe baki shi ke da fili. Wannan ƙa'ida ta biyu ita ce tushen rigimar, domin tana ba mai sauri lada.

Saurin kuwa ya wuce yadda muke zato. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna 10 daga sassan duniya daban-daban. Matsakaicin abin da suka samu kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne. Japanawa kusan ba sa barin tazara ko kaɗan, mutanen Denmak kuwa, waɗanda suka fi kowa jinkiri a cikin goman, suna jira kusan rabin sakan. Alhali masu nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa magana sun nuna cewa fitar da kalma ɗaya tak, daga tunani zuwa baki, yana cin fiye da rabin sakan.

Ka haɗa lissafin biyu. Idan shirya amsa ya fi tazarar da ake bari tsawo, ke nan kowannenmu yana shirya abin da zai faɗa tun ɗan'uwansa bai gama ba. Muna hasashen inda zai dasa aya, daga saukar muryarsa, daga yadda jimlar ke shirin cika, daga kallon da ya yi mana. Hasashe kuwa yana kuskure. Ka zaci ya dire, ashe numfashi ya ja.

Wannan kuskure ba ya barin manya ma. A 1982 Geoffrey Beattie da abokan aikinsa suka bincika dalilin da ya sa ake yawan katse Margaret Thatcher a hirar talabijin, tana firaministar Birtaniya sukutum. Suka ga tana sauke murya a tsakiyar magana irin saukewar wanda ya gama, mai tambaya ya ɗauka ta ba shi wuri, ita kuwa da sauran bayani a bakinta.

Abin da ya fi shafar ɗalibanmu shi ne, kunne yana jin wannan ɗan bambanci na rabin sakan kamar wani abu babba. Deborah Tannen ta naɗi hirar wata liyafar cin abinci ta mutum shida a Kalifoniya a 1978, uku daga cikinsu 'yan birnin New York. Waɗannan ukun suna hawa maganar juna, suna jero tambayoyi, a wurinsu nuna sha'awa da zumunci ke nan. Sauran suka ji kamar an hana su sakat. Su kuma masu saurin suka ɗauka sauran ba su da abin faɗa ne. Babu mai mugun nufi a teburin, kowa da awon da aka rene shi da shi.

Abin da jami'a ta ƙara a kai

A gida, shekaru ne ke raba magana. A zaure, a majalisar unguwa, a wurin rabon gado ko sasanta ma'aurata, an san wanda zai fara, an san wanda zai rufe, yaro kuma sai an ce "kai me ka gani?" Ba sai an yi tseren buɗe baki ba, domin an riga an jera kowa.

Jami'a ta rushe wannan jeri a rana ɗaya. Yaro ɗan shekara 17 da ya fito sakandare jiya yana zaune benci ɗaya da magidanci mai 'ya'ya huɗu da ya yi shekaru yana koyarwa kafin ya dawo neman digiri. Su biyun lambar rajista ce ta bambanta su, kuma jarrabawa ɗaya za su rubuta. Inda babu babba babu yaro, sai a koma ga waccan ƙa'ida: wanda ya riga shi ke da fili.

Sannan ga haɗuwar gidaje. Bauchi da Gombe suna cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a ƙasar nan. A ɗaki ɗaya na hostal za ka sami Batangale daga Ɓilliri ko Kaltungo, Bafulatani daga Dukku, Basayi daga Bogoro, ɗan Azare, ɗan Jos, da wanda ya taso a Legas. Wani an rene shi a gidan da ake musu a kan tabarmar cin abinci, uba yana jin daɗin ɗansa ya ja da shi. Wani an rene shi da kunya irin ta pulaku, inda haƙuri da kame baki su ne darajar mutum, ba ya ko ɗaga ido a gaban yayansa. Ka zaunar da su su tattauna, na farko zai yi magana sau biyar kafin na biyu ya ga tazarar da a wurinsa ta isa a ce an ba shi wuri.

Harshe ma yana da nasa rabo. Hirar ɗalibai tana tsalle ne tsakanin Hausa da Turanci da Broka, wani lokaci a cikin jimla ɗaya. Wanda ya yi makarantar kuɗi a cikin gari, Turanci na zuba daga bakinsa ba tare da ya nema ba. Wanda ya yi ta gwamnati a ƙauye, wataƙila ma harshensa na farko Waja ne ko Tera ko Jaranci, sai ya fara jera maganar a ransa, ya juya ta, sannan ya furta. Wannan ɗan tsayawar da yake yi don ya nemo kalma ita ce kafar da ake shiga. Sau da yawa ya fi mai katse shi fahimtar darasin.

Wani dare na zauna a teburin mai shayi a unguwar Yelwa ta Bauchi, ɗalibai shida suka zo bayan sun fito tes. Ba su ko jira an haɗa musu ba suka ɗora musu a kan tambaya ta uku. Ɗaya na zana lissafi da yatsa a kan teburin da ya jiƙe, ɗaya na buga cokali a kofi yana cewa, "Bari in dire mana! Bari in dire!" Na ukun ya miƙe tsaye don muryarsa ta hau ta sauran. Mai shayin yana fasa ƙwai, ko ɗago kai bai yi ba, ya saba. Abin da na lura shi ne cikin 'yan mintuna ɗaliban nan shida sun rabe gida biyu, uku na nan, uku na can, kowane gida da musunsa, lokaci-lokaci wani ya jefo magana daga wancan ɓangaren. Daga nesa sai ka ce faɗa ake. Da aka kawo Indomie suka sa cokula a faranti ɗaya.

Wannan rabewar ba ta ba ni mamaki ba. Robin Dunbar da abokan aikinsa sun nuna a 1995 cewa hirar da ba ta da shugaba ba ta cika ɗaukar fiye da mutum huɗu ba, idan aka haura sai ta tsage. Ɗalibai kuwa rayuwarsu duka a cikin taro take: ɗaki cike, layin ruwa cike, tutoriyal (zaman bitar darasi) cike. Yawan baki, ƙarancin fili.

Kada a manta kuma jami'a da kanta take koya musu ja-in-ja, kuma aikinta ke nan. Ana gaya wa ɗalibi kada ya karɓi magana sai da hujja: wa ya faɗa, a ina, da wane dalili? Ranar kare kundin kammala karatu, malamai na tare shi tun bai gama jimlar farko ba, ya ga ashe haka masana ke yi. Ga lakca ta awa biyu a zauren da ya ɗauki ɗaruruwa, malami ɗaya da makirufo, ba damar tambaya. Duk abin da ya taru a ciki sai an fito yake fashewa. Idan ka ƙara da abin da suke gani a shirye-shiryen siyasa na talabijin, da gidan kallon ƙwallo inda mai ƙarfin murya ke cin musu, da siyasar ƙungiyar ɗalibai, za ka ga inda aka koyi darasin.

Waya fa? Tana da hannu. A zauren WhatsApp ba a jiran layi, mutum goma na rubutu lokaci guda, saƙon murya kuma ana iya ninka saurinsa sau biyu, har kunne ya saba da gajen haƙuri. Amma ɗora mata laifin duka bai yi daidai ba, domin masana sun fara ƙirga katsalandan a harabar jami'a tun shekaru da yawa kafin a san wayar hannu.

Wa ke katse wa?

Binciken da ya fi shahara a nan shi ne na Don Zimmerman da Candace West a 1975. Sun naɗi hirarraki a wuraren shan kofi da shaguna a kewayen wata jami'a a Kalifoniya. A hirarraki 11 da suka haɗa namiji da mace, an yi katsewa 48, maza ne suka yi 46 daga ciki. Wannan adadi ya zagaya duniya, har yau ana kafa hujja da shi.

Sai dai bincike na baya ya sassauta hoton. A 1998 Kristin Anderson da Campbell Leaper suka tattara bincike 43 suka auna su tare. Suka ga idan aka haɗa kowace irin shiga zance, bambancin maza da mata ƙanƙane ne. Inda yake fitowa fili shi ne a katsewa irin ta ƙwace zance, kuma ya fi girma idan mutane sun kai uku ko fiye. Wannan ya yi daidai da abin da duk wanda ya zauna cikin ɗalibai ya sani. 'Yan mata su kaɗai a ɗakinsu suna hawa maganar juna ba ƙaƙƙautawa, ba wadda ta ji ciwo. A sa biyu daga cikinsu a rukunin maza takwas, sai ka neme su ka rasa.

A wurinmu abin yana da ƙarin nauyi, domin mun rene 'ya mace a kan cewa ɗaga murya gaban maza zubar da mutunci ne. Idan aka katse ta, ba za ta ce "bari in dire" ba. Idan kuma ta faɗa, kafin gobe an raɗa mata suna, an ce idonta ya buɗe da yawa. Namijin da ya yi irin haka cewa ake yi yana da ƙwazo.

Na ga wannan da idona a wani tutoriyal a wata jami'a. Ana ta fama da wata tambaya ta kimiyyar sinadarai, wata ɗaliba da ke zaune a gefe ta ce, "Ina ga kuskuren daga layi na biyu ne, domin..." Ba ta kai ga dalilin ba wani ya ɗora nasa da ƙarfi. Ta sake gwadawa, aka sake hawa. Ta rufe littafinta ta ɗora hannu a kai. Bayan kusan minti ashirin wani saurayi ya gano kuskuren a layi na biyu, aka tafa masa. Ba wanda ya waiwaye ta. Na tabbata babu ɗaya daga cikin samarin nan da ya kwana da sanin ya yi wa wani laifi, kuma wannan ne ya fi damu na.

Matsayi ma yana aiki, amma ba kullum yadda ake zato ba. Beattie ɗin nan ya naɗi zaman tutoriyal a Ingila, a binciken da ya fitar a 1981 ya nuna ɗalibai sun fi katse malamansu a kan yadda malaman ke katse su. Malami yana riƙe fili ya daɗe, ɗalibin da ke son a ji shi ba shi da hanya sai ya kutsa. Ke nan wani lokaci katsewa makamin mai ƙarfi ce, wani lokaci kuma ita ce kaɗai ƙofar da ta rage wa na ƙasa.

Hujjar iyaye da hujjar ɗalibai

Iyaye ba daga son rai suke magana ba, suna da madogara. A cikin Bukhari akwai labarin balaraben ƙauye da ya zo Manzon Allah (SAW) yana cikin yi wa mutane magana, ya tambaye shi yaushe ne tashin alƙiyama. Bai amsa ba sai da ya kammala abin da yake faɗa, sannan ya nemi mai tambayar ya ba shi amsa. A littattafan sira kuma, lokacin da Utba ɗan Rabi'a ya zo da tayin Ƙuraishawa na dukiya da mulki don ya bar kira, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko ya gama. Abokin hamayya ke nan, a kan magana mafi girma. Kiristocinmu na Kaltungo da Tafawa Ɓalewa su ma sun taso da ayar Karin Magana 18:13, wadda ta kira amsawa kafin a ji wauta da abin kunya. Babu gidan da ya turo ɗansa jami'a bai gaya masa haka ba.

Ɗalibai kuma suna da tasu. Suna cewa idan ka jira a ba ka dama a aji mai mutum ɗari uku, za ka gama digiri ba a san muryarka ba. Suna cewa a tsakaninsu hawa maganar juna alamar sabo ce, wanda kake yi wa shiru kana jira ya gama, baƙo ne. Suna kuma cewa, kuma a nan ina tare da su, "yi shiru babba na magana" an sha amfani da ita wajen binne gaskiya, a gida da ofis da siyasa. Ƙasar da matasanta ba sa iya cewa "Malam, a nan akwai gyara" ba za ta gyaru ba.

Inda nake ganin iyaye sun yi kuskure shi ne auna hirar abokai da ma'aunin zaure. Hayaniyar teburin mai shayi ba ta nuna yaro ya lalace. Inda ɗalibai suka yi nasu kuskuren ya fi girma: sun ɗauka kowa irinsu ne, duk wanda ya yi shiru ba shi da abin faɗa. Sannan da yawa ba sa sauya taku idan wuri ya sauya. Awon da ya dace da ɗakin hostal shi suke shiga da shi ɗakin mahaifiya, shi suke kai wa gaban kawu. Wanda ya iya harsuna uku bai kamata sanin awo biyu na magana ya gagare shi ba.

Malamai da shugabannin aji suna da abin yi a nan wanda ba ya cin ko sisi. Mary Budd Rowe ta gano tun farkon shekarun 1970 cewa malamai ba sa jira fiye da kimanin sakan ɗaya bayan sun yi tambaya. Da aka sa suka riƙa jira sakan uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, ɗaliban da ba sa magana suka fara sa baki. Rage rukuni zuwa mutum huɗu, da samun mutum ɗaya da zai riƙa cewa "ku tsaya, ba ta gama ba", suna sauya zaman gaba ɗaya.

Inda abin ke komawa kan talaka

Da a harabar jami'a abin ke tsayawa, da sai a ce ƙuruciya ce, za ta wuce. Amma ɗalibin yau shi ne likitan gobe, shi ne alƙali, shi ne malamin gona, shi ne ma'aikacin banki da tsoho ɗan fansho zai tsaya a gabansa. Halin da ya yi shekara huɗu ko shida yana samun tafi a kansa ba zai cire shi tare da rigar bikin yaye ɗalibai ba.

A 1984 Howard Beckman da Richard Frankel suka fitar da sakamakon ganawa 74 da suka naɗa tsakanin likitoci da marasa lafiya a Amurka. Kashi 23 cikin ɗari ne kawai na marasa lafiyar aka bari suka gama bayanin abin da ya kawo su. Sauran, a matsakaici, sakan 18 suka samu kafin likita ya tare su da tambaya. Waɗanda aka ƙyale suka gama kuwa, babu wanda ya wuce minti biyu da rabi.

Yanzu ka kawo wannan gida. Tsohuwa ta taso daga wani ƙauye bayan Darazo ko Nafaɗa, ta biya kuɗin mota, ta yi layi tun safe. Idan ta zauna gaban likita ba da ciwon za ta fara ba. Za ta gaishe shi, ta tambayi aiki, ta ce "jikin ne dai, ɗana", ta ambaci ciwon kai da rashin barci, domin su ne masu sauƙin faɗa. Abin da ya hana ta sukuni wata uku, ƙullutun da ta ji a ƙirjinta ko jinin da take gani, yana can a jimla ta huɗu ko ta biyar, bayan ta ja numfashi ta dubi ƙasa. Idan wanda ke gabanta ya saba shiga a wannan 'yar kafa, zai rubuta mata maganin ciwon kai, ta yi godiya, ta ɗaure takardar a bakin zane, ta koma tasha.